Daga Teburin Ƙarfe Zuwa Allon Fansa: Tarihin Riƙe Aiki A Ƙarƙashin Na'urar CNC

Na'urar sassaƙa ta CNC ba ta gani, ba ta ji. Abin da ta sani kawai shi ne lambobi: matsa dama milimita kaza, matsa gaba kaza, nutsa ƙasa kaza. Idan katakon da aka ɗora mata ya goce da rabin milimita a tsakiyar aiki, ba za ta dakata ba. Za ta ci gaba da yanka inda aka ce ta yanka, ko da wurin ya riga ya tashi daga ƙarƙashinta. Shi ya sa tarihin wannan na'ura yake da ɓangare biyu. Akwai wanda aka fi bayarwa, na kwamfuta da manhaja. Akwai kuma wanda ba a cika waiwaya ba, na teburin da aikin ke kwanciya a kansa da dabarun hana shi motsi. A ganina, na biyun ne ke raba mai na'ura da gwanin na'ura, kuma ya girmi na farko da ɗaruruwan shekaru.

Zamanin ƙafa da ƙugiya

Kafin injin, jikin ma'aikaci shi ne mariƙi. Masassaƙin da ke fafe turmi ko akushi da gizago yakan taka itacen ko ya tokare shi da gwiwa, kuma da zarar ya fara zamewa, jikinsa ya sanar da shi kafin sara na gaba ya sauka. Kafintocin daular Rum sun ƙara wa wannan dabara benci. A sansanin sojan Rum na Saalburg, a ƙasar Jamus ta yau, an tono gajerun bencinan katako masu ramuka, inda ake kafa turaku don tokare falanki.

Daga waɗannan ramuka ne aka samu ƙugiyar benci: sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen wuya, a zura ta cikin rami, a buge kanta da guduma, sai ta ciji katako ta danne shi. In an gama, a buge ta ta baya, ta saki. André-Jacob Roubo, kafintan birnin Faris da ya wallafa babban littafinsa na sana'ar kafinta tsakanin 1769 da 1775, ya zana benci mai kauri da irin wannan ƙugiya, kuma har yau kafintoci na kwaikwayon bencin nasa. Abin lura shi ne, tun a wancan lokaci an gane ƙa'idoji biyu da ba su canza ba: a danne aiki ƙasa don kada ya ɗaga, a tokare shi ta gefe don kada ya zame.

Teburin da ba a taɓawa

Da injinan sarrafa ƙarfe suka bayyana a ƙarni na 19, ƙarfin yanka ya wuce abin da ƙugiya za ta iya. Sai aka koma ga teburin ƙarfen zubi mai kwararo-kwararo masu siffar harafin T a kife. Kan noti yakan shiga cikin kwararon ya maƙale, a ɗaure ƙarfen danni a samansa. Joseph Whitworth na Ingila ya taimaka ta fuska biyu. A 1841 ya gabatar da ma'auni guda na zaren noti, ta yadda notin wannan masana'anta zai shiga na waccan. Kafin nan kuma ya inganta hanyar samar da shimfiɗa miƙaƙƙiya ta gaske: a ɗauki faranti uku na ƙarfe, a riƙa goga su bibbiyu da ɗan launi a tsakani, a kankare duk inda ya yi tudu da hannu, har sai ukun sun yarda da juna.

Teburin da aka sha irin wannan wahala kafin a same shi, dole a girmama shi. A ɗakin injinan ƙarfe, babban abin kunya ne haƙorin yanka ya taɓa teburi. Injin Bridgeport da aka fara fitarwa a 1938 a jihar Connecticut, wanda ya cika ƙananan masana'antu a faɗin duniya, yana da kwararo uku a teburinsa, kuma mai sayen tsohonsa yakan fara duba ko akwai tabon yanka a kai, domin tabon shaida ce ta irin hannun da ya riƙe shi. Don a kare teburi, akan ɗora aikin a cikin bais, wato maɗauri mai matse aiki tsakanin muƙamuƙai biyu, ko a kan sandunan ƙarfe guda biyu masu tsayi ɗaya, yadda haƙori zai ratsa ya faɗa sarari.

A wannan zamani ne dabarun riƙo suka yawaita. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara amfani da faranti mai maganaɗisun lantarki don riƙe ƙarfe a injin wasawa. A 1936 wani kamfanin birnin Detroit, wanda aka fi sani da De-Sta-Co, ya fito da ƙarfen danni mai hannu da ke kullewa da turi ɗaya, domin masana'antun mota na bukatar a ɗaure a kwance sau ɗaruruwa a yini.

Lambobi sun karɓi sitiyari

A ƙarshen shekarun 1940, John Parsons da injiniyansa Frank Stulen, a garin Traverse City na jihar Michigan, suna ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Sun yi amfani da na'urar lissafi mai katin huji wajen fitar da ɗaruruwan lambobin da ke bayyana lanƙwasar fiffike. A 1949 rundunar sojan saman Amurka ta ba su kwangila, aikin ya kai ga jami'ar MIT, kuma a 1952 aka nuna injin Cincinnati Hydro-Tel yana yanka ƙarfe bisa umarnin zaren takarda mai huji. Yaren umarnin da ake kira G-code ya daidaitu a farkon shekarun 1960.

Wannan ci gaba ya cire hannun mutum daga kan sitiyari, tare da hannun kuma ya cire jin da ke cikinsa. A da, ma'aikaci na jin rawar aiki a tafinsa, ya sassauta. Yanzu babu mai sassautawa. Nauyin da ke kan riƙo ya ninka, sannan wata sabuwar matsala ta shigo: ƙarfen dannin da kansa ya zama abin karo, tunda injin bai san yana wurin ba sai an gaya masa.

Ɓangaren katako ya bi baya. Rauta ta hannu, wato injin sassaƙa katako mai haƙori mai juyi, ta samo asali a Amurka a farkon ƙarni na 20, kamfanin Elu na Jamus ya fito da mai nutsawa a 1949, sannan a 1968 kamfanin Shoda na Japan ya nuna rauta mai bin umarnin lambobi a baje kolin Osaka. Sai dai katako ya zo da halinsa. Allon filawud na da faɗin santimita 122 da tsawon 244. Ba zai shiga bais ba. In an ɗora shi a kan sanduna, tsakiyarsa ta lotsa. Kuma yawancin aikinsa ratsawa ne: a yanke ƙofar kabad ko gefen durowa har ƙasa. Haƙori dole ya wuce kaurin allon da ɗan kaɗan, in ba haka ba ya bar gashi-gashi a gindi. To, me zai tarar a ƙasan?

Allon da aka yi don a ci

Amsar ta juya tsohuwar ƙa'ida a kanta. Maimakon teburin da ba a taɓawa, sai a shimfiɗa allon da aka yarda tun farko haƙori ya ci, wato allon fansa. Mahauci ya daɗe da sanin wannan hikima: a kan kututture yake sara, kututturen ya sha tabo, wuƙa ta tsira da kaifinta, in ya rarake a sauya shi.

Abin da ya sa dabarar ta yi ƙarko shi ne samuwar allon MDF, wanda aka fara sarrafawa don kasuwa a tsakiyar shekarun 1960 a garin Deposit na jihar New York. Ana niƙa itace ya zama zare-zare, a gauraya da gam, a matse da zafi. Ba shi da jijiya, ba shi da gaɓa, kaurinsa ɗaya ne ko'ina, yana da araha, kuma ba ya dakushe haƙori kamar ƙarfe.

Amma babban sirrin allon fansa ya wuce kare teburi. Bayan an ɗaure shi, na'urar da kanta ce ke aske fuskarsa da faffaɗan haƙori, ta cire kamar rabin milimita daga wannan kusurwa zuwa waccan. A nan ne tunanin ya sha bamban da na Whitworth. Shi yana neman shimfiɗar da ta miƙe a kan kanta. Allon fansa kuwa ba ya bukatar haka. Bukatarsa ita ce ya yi daidai da tafiyar na'urar da ke kansa. Idan gadar na'ura ta ɗan lotsa a tsakiya, askin zai kwafi lotsawar a jikin allon, ta yadda tazarar da ke tsakanin haƙori da allo za ta zama ɗaya a ko'ina. Kuskuren ƙira yana nan, amma ya daina bayyana a zurfin yanka. Wannan ne ya buɗe ƙofar ƙera na'ura mai araha da sandunan alminiyam, ta kuma yi aiki mai kyau. Har ila yau, allon yana tona asirin na'ura: in askin ya bar layi-layi masu tudu da yatsa ke ji, alama ce injin juyin bai tsaya a miƙe ba, sai a gyara zamansa.

Masana'antun kabad sun ƙara gano wani abu. MDF na da ƙananan ƙofofi da iska ke bi. In aka aske fatar fuskokinsa biyu, aka toshe gefunansa da fenti, aka sa babban famfon zuƙar iska a ƙarƙashi, iskar na ratsa allon ta tsotse duk abin da aka ɗora. A ƙarshen shekarun 1990 wannan tsari ya bazu: a ɗora cikakken allo, kwamfuta ta jera dukkan sassan kabad a jikinsa dab da dab, a yanke su a zama ɗaya, ba tare da ƙarfen danni ko ɗaya a hanya ba.

Lissafin abin yana da sauƙi. Iskar da ke kanmu na danna kowace murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya. Ko da famfo ya zuƙe rabi kawai, ƙofa mai santimita 60 a kowane gefe za ta sha dannin kusan kilo 1,800. Amma guntu mai santimita 5 a kowane gefe kilo 12 da ɗoriya kawai zai samu, kuma abin da zai hana shi zamewa ta gefe bai kai haka ba. Shi ya sa zuƙar iska ke riƙe babban allo gam, ta kuma saki ƙaramin harafin da aka yanke. Tudu ma na rage mata ƙarfi: a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, dannin iska ya gaza na Legas da fiye da kashi 10 cikin 100.

Na'ura ta shiga gareji

A 1996 Ted Hall, malamin jami'ar Duke da ke son ƙera kwale-kwalen filawud, ya kafa kamfanin ShopBot a garin Durham na jihar North Carolina, ya fara sayar da rauta ta CNC da ƙaramin kafinta zai iya saye. A ɓangaren manhaja, hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta saki shirin EMC kyauta, wanda daga baya ya zama LinuxCNC, shirin Mach3 kuma ya mayar da tsohuwar kwamfutar Windows abin tuƙa injin. A 2009 Simen Svale Skogsrud ɗan ƙasar Norway ya fitar da Grbl, ƙaramin shiri da ke zama cikin allon Arduino mai ma'ajiyar kilobait 32 kacal. A 2011 Edward Ford ya nemi tallafin jama'a a Kickstarter don Shapeoko, da burin na'urar da ba za ta wuce dala 300 ba. X-Carve ta kamfanin Inventables na Chicago ta biyo baya a 2015, sai ƙananan na'urorin China samfurin 3018, masu filin aiki na santimita 30 da 18.

Cikin shekara ashirin, ƙwaƙwalwar na'ura ta faɗi warwas a farashi. Amma ƙarfin da haƙori ke turawa bai ragu ba don na'ura ta yi araha. Mai yi don sha'awa a garejinsa ba shi da famfo mai ƙarfin dawaki goma ko ashirin, ba shi da lantarkin da zai ja shi. Sai ya waiwaya baya, ya tarar cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Daga bencin Roubo ya aro ramuka. Teburin MFT na kamfanin Festool ya yaɗa tsarin ramuka masu faɗin milimita 20 a tazarar milimita 96, kuma masu CNC suka ga na'urarsu za ta iya huda irinsu da kanta. Ramukan da na'ura ta huda suna bin layin tafiyarta sak, saboda haka turaku biyu ko uku a ciki sun isa su daidaita aiki ba tare da awo ba. Daga teburin Bridgeport ya aro kwararon T, amma na alminiyam, a binne shi tsakanin tsagin MDF, ƙasa da inda haƙori ke kaiwa. In tsagi ɗaya ya cinye, shi kaɗai za a sauya. X-Carve ta zo da nata salon: allo mai gidajen noti na ƙarfe a jere, a ɗaura ƙarfen danni a duk inda ake so. Wasu kuma suka koma yin madannan da katako ko roba, domin in haƙori ya yi karo da su, su za su mutu, ba shi ba.

Sai dabarar da ta fi kowace sauƙi. A 1925 Richard Drew na kamfanin 3M ya ƙirƙiro tef ɗin takarda na masu fenti. A 1942 Harry Coover ya ci karo da sinadarin da ya zama sufa gulu, wanda kamfanin Eastman Kodak ya fara sayarwa a 1958. Babu ɗayansu da ya yi don CNC. Amma masu ƙera jita da sauran masu aikin ƙanana sun haɗa biyun: a manna tef a allon fansa, a manna wani a bayan aikin, a ɗiga gam a tsakanin tef da tef, a danna. Gam bai taɓa aiki ba, bai taɓa allo ba. In an gama, a ɓamɓare. Ga siririn gilashin roba, farantin alminiyam ko tagulla, wannan ya magance daidai matsalar da zuƙar iska ta kasa.

Manhaja ma ta shigo da nata riƙon. Ana iya barin 'yan gadoji da ke haɗa guntun da aka yanke da uwar allo, a datse su da hannu daga baya. Ana iya barin siririyar fata a ƙasa a zagayen farko, a ratsa ta a hankali a na ƙarshe. Siffar haƙori ma riƙo ce: mai murɗin sama na fitar da dusa da kyau amma yana ɗaga aiki, mai murɗin ƙasa kuwa danna shi yake yi. Kuma har yanzu babu abin da ya kai sukuru huɗu a kusurwoyi arha da ƙarfi, muddin an tabbatar hanyar yanka ba ta bi ta kansu.

Inda muke yau

Masu yin allunan talla da masu sassaƙa ƙofofi da gadaje a biranenmu sun fara mallakar waɗannan na'urori, kuma akwai abubuwa uku da yanayinmu ke ƙara wa wannan tarihi. Na farko, MDF na shan laima. Allon da aka aske a hunturu zai kumbura da damina, kuma ba daidai zai kumbura ba. Mai son zurfin rubutunsa ya fito ɗaya sai ya sake aski idan yanayi ya juya, ya kuma shafe gefunan allon. Na biyu, ɗaukewar wuta. Zuƙar iska na sakin aiki nan take, alhali haƙori bai gama juyi ba. Aikin da aka tokare da turaku aka ɗaure da noti kuwa yana nan inda yake, kuma in na'ura na da makunnan gane mafari, za a iya ci gaba daga inda aka tsaya. Na uku, ƙura. Askin MDF na tayar da gari mai laushi, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar tun 1995. Yaron shagon da aka bar wa aikin aski ya cancanci takunkumi na gaske da injin zuƙar ƙura, ba ƙyalle a hanci ba.

Ga wanda ya sayi na'ura yau, darasin wannan doguwar tafiya a bayyane yake. Kafin ya yanka komai, ya ɗaure allon MDF mai kaurin milimita 18, ya nutsar da kan sukurun sosai yadda aski ba zai kai gare su ba. Ya bar na'ura ta aske shi, ta huda ramukanta, ta zana iyakar filinta. A kowane aiki kuma ya tambayi kansa: ta ina haƙorin zai tura, me zai hana ɗagawa, me zai hana zamewa, kuma me zai riƙe guntun bayan an raba shi da uwarsa? Kada ya bar haƙori ya nutse cikin allon fiye da kashi biyu ko uku cikin goma na milimita, domin allon ya daɗe.

Za a ci gaba da samun kwamfutoci masu sauri da manhajoji masu wayo, farashi kuma zai ci gaba da sauka. Amma amsar waɗannan tambayoyi huɗu ba ta zuwa cikin kwalin na'ura. Kowane aiki da tasa, kuma mai shago ne ke bayar da ita. Saboda haka duk wanda ke koya wa matasa wannan sana'a, ina roƙonsa ya ba su mako na farko a kan teburi, da sukuru da turaku da tef a hannu, kafin ya zaunar da su gaban kwamfuta.